Gadon Madaci a Ƙofar Dumi

Jado, ƙasar Nijar
3 ga Yuli

Ƙanwata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Yau shekara huɗu da wata bakwai rabona da ƙofar gidanmu na Wunti. Ina fata kin tashi lafiya. Ya jinyar Inna, ya Mahfuz da kekensa? Ni dai lafiya irin ta mai haƙar zinariya: tarin yana nan, farcen ƙafata ya sake fita, amma ido biyu da hannu biyu ba abin da ya same su, alhamdu lillahi.

Ranar Talata rami ya rufta da mutum uku, biyu muka ciro. Washegari wasu suka yi faɗa a kan jarkar ruwa, ɗaya ya sauke wa ɗaya shebur a kunne, kunnen ya rataya, aka ɗaure shi da rawani aka koma aiki. Ba don in tsorata ki nake faɗa ba. So nake ki san irin wurin da nake zaune labari ya iske ni cewa gadon Inna ya karye da ita, wata biyu ke nan tana kwance a tabarma cikin damina da ɓarin jikinta da ba ya motsi, ƙato kamar Mahfuz yana shiga yana fita yana gaishe ta a ƙasa.

Kin ce ya kawo shawarar a sayi na ƙarfe, kin kuma ce da Inna ta ji sai ta juya fuska bango. To ta ba ku amsa. A kan gadon nan ta yi jegonmu mu uku, a kansa Baba ya cika. Madaci ne zalla, baƙi wuluk, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, da turakun katako aka haɗa shi. Yanzu ko da kuɗinka ba ka samun irinsa.

Ki je Ƙofar Dumi, lungun da ke bayan makarantar nan mai darbejiya a ƙofa, ki tambayi Malam Mijinyawa kafinta. Dattijo ne, ba ya sauri, ba ya dariya, amma shi ya gyara ƙyauren zaurenmu ina yaro, har yau bai motsa ba. Ki ce masa inda gara ta ci ya cike, ƙafar da ta karye ya ɗora ta, ya kankare dattin ya shafa sabon banish. Kada ya canza katako ko ɗaya sai ya zama dole. Na ba direba ladan aikin ya tura miki.

Ki riƙa tunawa da yadda saƙo ke tafiya a nan. Babu sabis. Tankar ruwa sau ɗaya take zuwa a mako uku. Direban ya karɓi takardata, in ya kai Agadas ya ɗauki hotonta ya tura miki. Taki kuma a wayarsa nake karantawa ina tsaye yana sauke ruwa, da ya gama kuwa ya tafi, ba ya jiran kowa.

Ki gaida Inna. Ki ce mata in sha Allahu kafin ruwa ya ɗauke tana kan gadonta.

Yayanki,
Sabitu

*

Wunti, Bauchi
21 ga Yuli

Yaya Sabitu,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarka, Allah ya tsare mana kai daga ramukan nan. Muna lafiya. Inna tana cin abinci, magana ma tana ɗan fita in an yi haƙuri an saurara, sai dai ƙugunta na hagu ya fara gyambo saboda kwanciyar ƙasa. In an yi ruwa daɓen ɗakin yana jiƙa ta ƙasa, na ninka tabarma uku amma sanyin yana ratsawa.

Na yi yadda ka ce. Malam Mijinyawa ya zo da kansa, ya zagaya gadon ya fi sau biyar yana ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san Allah." Ya zare turakun ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, aka kwashe katakon a kura.

To Yaya, ga abin da ya sa na kasa barci. Shekaranjiya Mahfuz ya sauke fasinja a Ƙofar Dumi ya leƙa shagon. Ya dawo idonsa ja, ya ce in sa hijabi in zo in gani. Na je. Wallahi Yaya abin da aka jingina a bango yana shan rana ba gadon Inna ba ne a idona. Fasalin dai shi ne, allon kai da ƙafafun duk iri ɗaya, amma fari-fari ne kamar an barbaɗa masa gari, irin katakon akwatin tumatir. Ko ɗigon baƙi babu.

Mahfuz ya ce, "Baba, ina namu?"

Ya ce, "Ga shi kana kallo. Kankare shi na yi, rana tana janye abin da ya sha. Ku ba ni kwana goma."

Mahfuz ya ce, "To ni ma kankare ni in zama Balarabe mana."

Bai ko ɗago ba, ya ci gaba da goga fasasshiyar kwalba a jikin wani katako. Ka san halinsa, ba ya ƙara magana a kan wadda ya yi.

Da muka fito, wani mai faci a bakin lungun ya ce mana akwai wani mai jibgegiyar mota daga Abuja da ke yawo yana sayen tsofaffin ƙyamare da kujerun madaci, kuma sau biyu ana ganin motar a ƙofar shagon. Mahfuz ya ce magana ta fito: an sayar da na Inna, an sassaƙa mana kamarsa da farin katako, za a shafe shi da baƙin fenti a kawo mana.

Ba mu gaya wa Inna ba, kada jininta ya hau. Kullum sai ta tambaye ni, "An gama?" in ce saura kaɗan.

Kai ne babba. Me za mu yi?

Ƙanwarka,
Juwairiyya

*

Jado
25 ga Yuli

Juwairiyya,

Salamu alaikum, ina lafiya. Direba ya kusa gama sauke ruwa, a kan gwiwata nake rubutu.

Ina nan ina cin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa, wani tsohon banza yana can yana cinikin gadon uwata! Ni na aika ku wurinsa, ni na yabe shi da bakina. Wallahi da ina Bauchi, hannun da ya miƙa gadon nan ya karɓi kuɗi sai na karya shi gaɓa-gaɓa, ya ga da me zai ƙara riƙe zarto. Kuma tarkacen da ya sassaƙa kada ya shigo mana gida a matsayin gado, Inna ba za ta kwanta a kan ƙarya ba.

Ki karanta wa Mahfuz wannan. Shekara huɗu yana zaune a gida ban ga abin da ya tsinana ba. In shi ɗan Baba ne, yau ya nuna.

Sabitu

*

Jado
26 ga Yuli

Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni ban sani ba ko lafiya nake.

Takardar jiya, ki yaga ta. Na san hoto ne ba ya yaguwa, ki goge shi. Kada ki karanta wa Mahfuz. Ina rubuta wannan ina sane da cewa sai ta yi mako uku a aljihuna kafin ta motsa, waccan kuma jibi tana hannunki.

Akwai wani Andrawus, mutumin Bogoro, rumfarmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Shekara goma ya yi yana kafinta a Jos kafin ya zo nan. Yau da safe ya ga ban ci ba, ya tambaye ni, na ba shi labari. Sai ya yi dariya ya ce, "Sabitu, wa ya gaya maka madaci baƙi ne?" Na ce gadonmu tun da na buɗe ido baƙi na gan shi. Ya ce, "Me kuke shafa masa?"

Juwairiyya, kin tuna gwangwanin Baba? Lokacin yana aikin reluwe, duk shekara kafin damina sai ya kawo baƙin mai na inji, a fito da gadon tsakar gida, ya shafe shi da tsumma saboda gara. Shekara talatin yana yi. Ga hayaƙin fitila, ga turaren wutar Inna. Baƙin da muka sani ke nan. Andrawus ya ce tsohon madaci in aka kankare shi aka goge da sanfefa aka shanya, haka yake komawa fari-fari kamar mai ƙura, sai an shafa masa banish jansa yake fitowa. Ya ce kafintan da zai zauna yana kankarewa da kwalba ba ɓarawo ba ne, ɓarawo fenti yake saya. Da na faɗa masa abin da na rubuta, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ƙanen naka yana jin maganarka?" Na ce bai taɓa ji ba. Ya ce, "To ka roƙi Allah kada ya fara yanzu."

Ga yadda za ki gane. Ki jiƙa tsumma da ruwa ki shafa a jikin katakon. In farin katako ne zai ɗan yi duhu ya tsaya a nan. In madaci ne zai yi ja kamar ɗanyen nama, jijiyoyinsa su fito.

Na zagaye sansanin nan kaf ina neman motar da za ta fita, babu. Mai wayar tauraro ɗaya da muke da shi, 'yan fashi sun raba shi da ita tun watan jiya. Na yi tafiyar awa uku a ƙasa zuwa ramukan gabas, can ma babu.

Ban ce Mijinyawa mai gaskiya ne ba, ban gani da idona ba. Na ce dai ban da hujjar abin da na rubuta. Kada kowa ya taɓa shi. Ku shafa ruwa tukuna.

Yayanki,
Sabitu

*

Wunti, Bauchi
8 ga Agusta

Yaya Sabitu,

Assalamu alaikum. Da fatan tarin ya yi sauƙi. Inna tana nan yadda take, gyambon ya ɗan faɗaɗa, mai kemis yana zuwa wankewa.

Takardarka ta shigo ranar Juma'a da hantsi. Na karanta wa Mahfuz kamar yadda ka ce. Da na kai wurin "in shi ɗan Baba ne", ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya karɓi wayar ya tura hoton a tasa.

Ranar Asabar da safe ya zo da abokansa uku 'yan keke. Na ga ƙarfen cire taya a hannun ɗaya, sai na tari wani keken na bi su. Wallahi Yaya nufina in tsaya a tsakani.

Mun tarar da Malam Mijinyawa a durƙushe yana auna ƙafar gadon da ya ɗora. Mahfuz ya ce, "Tsoho, nawa Alhajin Abuja ya ba ka?"

Ya ce, "Wane Alhaji? Ya zo ya taya, na ce ba nawa ba ne."

"Ka ji ko? Ya amsa da bakinsa an taya!"

Ya ce, "Yaro, ga buta can. Zuba wa katakon nan ruwa ka ga launinsa, sannan ka zage ni."

Mahfuz ya shuri butar ta faɗa kwata. Ya ce, "Ni za ka yi wa dabo?"

Daga nan ban san wa ya fara ba. Ɗaya ya shaƙo wuyan rigarsa ta baya, ɗaya ya kwashe ƙafafunsa, kansa ya bugu da bakin teburin aiki, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Suka danne hannunsa na dama a kan teburin. Mahfuz ya fito da waya yana karanta maganarka da ƙarfi, mutane sun cika lungun suna ji, "Gaɓa-gaɓa, in ji yayana!" Sannan ya ɗauki gudumar katako ta tsohon. Sau huɗu, Yaya. Na ƙirga don na kasa rufe ido. Tsohon bai yi ihu ba sai a na uku. Na riƙe rigar Mahfuz, ya wurgar da ni na faɗa kan tarin ƙurar katako, leɓena ya fashe.

Bai ishe shi ba. Ya juya kan katakon da ƙarfen taya. Yana duka yana cewa, "Ga gadonka! Ga gadonka!" Abin ya yi masa taurin kai, sai da suka taru su huɗu, suka jingina sandunan gefe a dakali suna tsalle a kai kafin su karye. Tsohon yana kwance cikin jini yana cewa, "Kada ku fasa allon, kada ku fasa allon," har aka fasa.

Maƙwabta suka taso da sanduna, aka yi ta jifa, aka fasa gilashin keke biyu, aka fasa wa ɗaya daga abokan kai. 'Yan sanda suka zo suka kwashe su huɗun. Yau kwana goma sha ɗaya Mahfuz yana tsare. An kai Malam Mijinyawa asibiti, an ce yatsu uku da wuyan hannu, da haƙori biyu. Shagon an bincika, ba a ga gadon Inna ba, Mahfuz ya ce dama ai ya riga ya isa Abuja.

Tarkacen na sa an kwaso mini a kura, ko za a nemi shaida. Ba wanda ya nema. Ka ce kada ya shigo a matsayin gado, to bai shigo ba, yana madafa na killace shi kada ruwa ya taɓa. Itace ya yi tsada ga shi duk a jiƙe, sai nake ɗiba ina hura wuta da shi. Abin mamaki, katakon banza amma ga cin wuta a hankali, guntu ɗaya sai ya dafa kunun Inna ya bar garwashi har na ruwan wankanta.

Na ce mata Mahfuz ya yi tafiya. Jiya ma ta tambaya ko an gama.

Ban ji daɗin abin da aka yi wa tsohon ba, ko da ɓarawo ne. Na ga ya kamata ka sani.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

*

Jado
16 ga Agusta

Juwairiyya,

Yanzu na karanta taki. Na haɗa wannan da wadda na rubuta tun 26 ga Yuli, direba zai tura su tare.

KI DAINA ƘONAWA. Duk abin da ke cikin murhu ki ciro shi ko da hannu ne. Ki karanta ɗayar, ki ɗauko ruwa.

Na roƙi direba ya kwana yana tafiya, kada ya tsaya. Ya ce zai gwada.

Sabitu

*

Wunti, Bauchi
22 ga Agusta

Yaya,

Salamu alaikum. Muna raye.

Takardunka biyu sun shigo jiya, ina tsugune a madafa, ƙafar gadon ɗaya tana cikin wuta ta ci rabi. Na karanta gajeriyar, na fizgo ta, tafina ya ƙone. Na karanta doguwar. Na ɗauko rabin allon kai da ya rage, na tsoma gefen zanena a randa na shafa.

Ja, Yaya. Ja kamar yadda mutumin ya faɗa, da jijiyoyi suna tafiya kamar ruwa. Na shafa wa sandar gefe, ja. Na bi guntayen ɗaya bayan ɗaya ina shafawa ina fatan in samu ko ɗaya fari, ban samu ba. Kwana ashirin da uku ina dafa wa Inna abinci da gadonta.

Ban iya ɓoyewa ba kuma. Na ɗauki allon a jiƙe na shiga da shi ɗakinta, na durƙusa zan fara bayani. Kafin in buɗe baki ta miƙo hannunta mai lafiya ta shafa shi, fuskarta ta saki, ta ce, "Yauwa. Haka yake ranar da aka kawo ni. Babanku ne ya baƙanta mini shi da man jirgi, na yi ta faɗa bai ji ba." Sannan ta ce, "Ina sauran?"

Tana ɗaki ɗaya da ni, Yaya. Tambaya ɗaya ce. Mu uku ba wanda ya yi mata ita, wai muna tsoron jininta.

Na gaya mata duka, da Mahfuz da komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in jingina allon inda za ta riƙa ganinsa, ta ce in tafi gidan mutumin nan yanzu, kada in sake in zauna.

Na same shi a zaure, hannun a naɗe har gwiwa, bakinsa a kumbure. Matarsa ta ce in fita, ya ce a bar ni. Na durƙusa na ce mun shafa ruwa.

Ya ce, "Yau?"

Na ce yau.

Ya ce, "Ranar nan buta tana nan kusa da ƙafar yaron."

Na ce Yaya Sabitu ya rubuto tun kafin abin ya faru cewa kada a taɓa ka, takardar ce ta makara. Ya ce, "Ta farkon ba ta makara ba." Na ce ko akwai abin da za a iya yi da abin da ya saura. Ya sa na lissafa masa. Ya ce, "'Yata, wannan ba ya tashi gado. Da hannuna yana nan, da na fitar wa tsohuwa da abin jingina baya. Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasa ba. Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe kurfin sassaƙa da su." Sai ya sa matarsa ta ɗauko wani ƙullin leda ta ba ni. Turakun gadon ne, ya goge kowanne ya shafa masa mai. Ya ce, "Waɗannan naku ne, ba na riƙe kayan mutane."

Ban roƙe shi ya janye ƙara ba, bakina bai iya ba. Ranar Litinin za a kai su Mahfuz kotu. Na je ofishin 'yan sanda na gaya wa Mahfuz ta bayan kanta. Ya ce ƙarya ne, na nuna masa guntu da ruwan leda. Ya buga goshinsa a ƙarfen ƙofa har sai da aka riƙe shi. Yana cewa, "Shi ya ce in nuna! Shi ya ce!"

Na haɗa maka da jerin abin da ya rage. Inna tana ƙasa har yanzu.

Juwairiyya

*

Jado
7 ga Satumba

Ƙanwata Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Ya tafin naki? Ki riƙa sa masa zuma, kada ki bari ruwa ya zauna a kai. Ya Inna? Ni ina nan. Na karanta taki sau biyu, direba ya yi mini alfarma ya ƙara minti goma.

Mahfuz ya yi gaskiya, ni na ce. Shekara huɗu ina jin haushinsa don yana kwana a gida ni ina kwana a rami, na samu hanya na soka masa magana inda na san za ta shiga. Gudumar a hannunsa take, wannan nasa ne, ba zan sauke masa ba, ƙato ne da hankalinsa kuma an nuna masa buta. Amma kada ki goge takardar nan kamar yadda na ce a baya. Ki kai wa mai shari'a hotonta, a karanta da sunana. In ana rubuta masu laifi a rubuta biyar. Ke kuma ki daina cewa kin dafa abinci da gadon Inna. An ce miki tarkace ne, kuma ni na ce.

Malam Mijinyawa ba na aika masa da ban-haƙuri a hoto. Wanda aka karya wa hannu da takarda ba a ba shi haƙuri da takarda. Ɗan abin da na tara yana wurin direba zai turo miki, ki kai wa tsohon a kan magani da cefanen gidansa, kada ki ce diyya ce, ba ta kai ba, kuma ba ni zan yanka ba. In ya mayar ki sake kaiwa. Ki tsaya a bakin lungun nan da rana, gaban mai facin da duk wanda ya ji an kira shi ɓarawo, ki shafa wa guntu ɗaya ruwa su gani. Wannan kam yana hannunmu.

Na so in biyo tankar nan yau. Mai ramin ya ce wanda ya tafi kafin a wanke ƙasar da muka tara ba shi da kaso, sai ƙarshen wata mai zuwa. Na zage shi, yaransa suka fasa mini baki, na koma aiki. Zan zo in durƙusa a zauren tsohon da ƙafata, ya yi yadda ya ga dama da ni.

Inna kuma, ki sayi na ƙarfen. Yau, kada ki jira wata takarda daga gare ni, kin ga abin da jiran takarduna yake jawowa. Ki tambaye ta tukuna ta wace fuska take so a ajiye shi. In ta juya fuska bango ki ce mata Sabitu ya ce ba shi da wani gadon da zai ba ta, wancan ya ƙare, kuma shi ya ƙarar da shi. Ku ɗaga ta daga ƙasan nan.

Andrawus ya duba jerin da kika aiko, ya ce tsohon ya faɗi daidai, ba ya tashi gado. Duk da haka ki naɗe su a buhu ki ɗora a kan rafta, kada kowa ya taɓa. Na kwafe jerin a bayan katin shaidata. Cikin gadon da ya shekara hamsin a ɗakin Inna, ga abin da takardata ta biyu ta iya ƙwatowa daga ta farko:

Allon kai, rabi.
Ƙafa ɗaya lafiyayya, ɗaya ta ƙone zuwa tsakiya.
Sandar gefe ɗaya, a tsage.
Katakon shimfiɗa uku cikin goma sha biyu.
Turaku goma sha shida, cif.

Yayanki,
Sabitu